Bikin waƙa na Yamai ko wasan gida Maraɗi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Ƙanena, ka yi tambaya a fada amma gardama ta danne ta, shi ya sa na ce bari in amsa maka a rubuce, sauran ƴan uwa ma su gani. Tambayarka ita ce: an fitar da sunayen mawaƙan da za su yi wasa a bikin kwana uku na Yamai, a makon nan ɗin kuma ana shirin kawo wani mawaƙin Kano nan Maraɗi, kuɗin hannunka ba zai ɗauki biyun ba. Ka hau kar, wato babbar motar fasinja, ko ka zauna?

Tun ranar da takardar sunayen ta fito mutane suka rabu. Wasu haushinsu shi ne an ɗora baƙi biyu daga Najeriya a sama da manyan hotuna, ƴan ƙasa kuma an cusa su ƙasa da ƙananan haruffa kamar alfarma aka yi musu. Wasu kuma akasin haka ne kukansu: mawaƙan Hausa biyu kacal, sauran duk masu gita ne da Zabarmawa da ƴan rap, "to mu mi za mu ji?" Na ji wanda ya rantse ba zai taka ba saboda babu gwaninsa, na ji wanda ya fara tara kuɗin mota saboda suna ɗaya tak. Dukkansu saman takardar suke kallo. Ni shawarata tana ƙasanta, kuma zan gaya maka dalili.

Mu fara da manyan sunayen, tunda su suka tayar da ƙurar. Mawaƙin Kano ba baƙo ba ne a Maraɗi. Tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma in ban da lokutan da aka rufe iyaka, kamar watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024, zirga-zirgar mutanen nan ba ta yankewa. Sallah ƙarama, Sallah babba, bikin wani attajiri, za ka ji an kawo wane. Abin da akasarinsu suke yi a kan dandali kuma ka san shi: mai kula da na'ura ya saki waƙar da aka riga aka ɗauka a sutudiyo, mawaƙin ya riƙe makirufo yana mamin, wato yana bin waƙar da baki kamar shi yake rerawa, jefi-jefi ya ɗaga murya ya gaida jama'a. Ba na faɗin haka don raini. Waƙoƙin nan a kan fiyano da kwamfuta aka gina su tun asali, babu makaɗan da za a ɗauko a zo da su, kuma daɗin wasan yana cikin ganin mutumin ido da ido da rera baitin tare da ɗaruruwan mutane. Amma wannan daɗin, na Yamai bai fi na gida ba. A bikin da mawaƙa suka yi yawa a dare guda, kowa ɗan lokaci ake yanka masa, ya yi waƙoƙi kaɗan ya sauka, sau da yawa can tsakar dare bayan ƙafafunka sun gaji. A Maraɗi kuwa daren nasa ne gaba ɗaya. Zai daɗe, zai sauko cikin mutane, wanda ya yi sa'a har hoto ya samu. Idan don waɗannan biyun za ka tafi, ka ajiye kuɗinka. A nan wasan gida ya yi nasara ba tare da wata tantama ba.

Sai ka sauko da idonka inda ƙananan haruffan suke. A nan lissafin ya juya.

Ƙungiyar da ta zo da makaɗanta wani abu ne daban, kuma waya ba ta iya kawo maka shi. Ka je da wuri, kafin jama'a su cika, lokacin da suke gwada kaya. Za ka ga mai kalangu ya rataya shi a kafaɗa, yana matse tsarkiyar da hammata yana saki, sautin yana hawa yana sauka har ya dace da muryar mai waƙa. Mai gita na murɗa kunnuwan kayansa, mai ƙwarya ya kife ta a kan bargo yana gwada dunƙulen hannu da zobba. Idan wasa ya kankama, waƙar da ka sani ta minti biyar tana iya kai ninkin haka, domin suna kallon jama'a ne suna ƙara wuta inda suka ga an motsa. Ganga kuma a ƙirji kake jin ta. Matan Buzaye masu tande, turmi ne aka ɗaure wa fatar akuya, ana yayyafa mata ruwa don ta riƙe sauti, ɗaya na bugawa sauran na tafi suna amshi. Ba kasafai mai shirya wasa a Maraɗi yake ɗauko irin waɗannan ba, domin kawo mutum bakwai ko takwas da kayansu daga Agadas ko Yamai ya fi kawo mutum ɗaya da waƙoƙinsa a aljihu tsada nesa ba kusa ba.

Masu cewa "su wane ne waɗannan masu gitar?" su yi haƙuri su bincika. Kiɗan gita na arewacin ƙasar nan shi ne abin da duniya ta fi sanin Nijar da shi a fagen waƙa. Bombino, ɗan Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar kyautar waƙa ta Grammy, a bikin 2019. Mdou Moctar ya yi wasa a babban bikin waƙa na Coachella a Amurka a 2024. Ban ce suna cikin wannan takardar ba. Abin da nake nufi shi ne gidan da suka fito bai ƙare da su ba, kuma yaran da ake rubuta sunayensu da ƙananan haruffa yau daga wannan gidan suke. Turawa na biyan kuɗi masu yawa su tsaya cikin sanyi su saurare su, mu kuma da suke ƴan uwanmu muna tambayar su wane ne.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Malam Maman Barka ya fara suna ne da gurumi. A 2002 ya tafi gaɓar tafkin Cadi, da tallafin UNESCO, ya zauna wurin Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, ya zaga duniya da shi, ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Mutum nawa a fadarmu suka taɓa jin biram da kunnensu? Yana raye muna cewa sai wani jiƙon. Don haka in ka ga sunan wani dattijo mai gurumi ko molo ko goge a ƙasan takarda, kada ka ɗauka ciko ne. Mai yiwuwa shi ne abin da ya fi komai wuyar samu a bikin gaba ɗaya.

Ba wai Maraɗi ta rasa makaɗa ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Wanda ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan Sallah ya ji tambari da kakaki da algaita, ko ya je Tibirin Gobir, ko ya zauna a filin kokowa na Kantu lokacin da makaɗa ke zuga ƴan kokowa har tsikar jiki ta tashi, ya san muna da abinmu. Matsalar ita ce wasan da ake shiga da tike ba ya ba su muhimmanci. In ma an gayyace su, da su ake buɗe fili tun kujeru na wayam, mutane na shigowa suna neman wurin zama, ana ta gwada makirufo a kansu. Wannan yana mini ciwo. Iyayenmu da suka ga bukukuwan samariya na zamanin Janar Kunce suna ba da labarin yadda kowace jaha take tura tawagarta, a yi gasa ta waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, gari ya yi wata guda yana shiri. Ko a Maraɗi Kwalliya, bikin ranar jamhuriya da aka yi a nan a Disamba 2015, mun ɗan ɗanɗani irin haka. Bikin Yamai, duk da aibinsa, shi ya fi kusa da wancan tsarin na haɗa ƙasa a fili guda.

Game da ƙorafin harshe, na fahimci masu yin sa. Suna cewa tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, ya za a yi biki a babban birni a ba ta gurbi biyu, su ma baƙi? Rabin maganar gaskiya ce: ya kamata a ce akwai mawaƙan Hausa na Maraɗi da Damagaram da Tawa a ciki, kuma rashinsu gazawar masu shiryawa ce. Amma ɗaya rabin ban yarda da shi ba. Yamai ta kowa ce. Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare su ma da kuɗinsu za su shiga. Mu da muke sauraron waƙoƙin Indiya tun muna yara ba mu jin ko kalma ɗaya, bai dace mu ce ba za mu iya zama mu ji Zabarmanci na rabin awa ba.

Yanzu aljihu. Nan ne mutane suke yaudarar kansu, su kalli kuɗin shiga kawai. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne: Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan ka shiga. Kar na tashi da asuba, kuma yini guda ne cur a zaune, ga tsayawa a shingayen jami'an tsaro inda dole ka fito da katin shaidarka. Kuɗin kar zuwa da dawowa kaɗai ya ninka tiken shiga. Ƙara abinci, ƙara taksi ko kabu-kabu da tsakar dare lokacin da farashi ke tashi, ƙara masauki in ba ka da ɗan uwa can. Sannan wanda ba a lissafawa: kai tela ne, kwana biyar kekenka na rufe, biyu a hanya, uku a biki, ga masu kaya suna jira. Wasan gida kuwa adaidaita ce za ta kai ka ta dawo da kai, ka kwana a ɗakinka, da safe ka buɗe shago. Sai dai shi ma yana da nasa ramin, wato liƙi. A gida an san ka. Da maroƙi ya ambaci sunanka da na mahaifinka, abokai suka juyo suna kallo, jikar da ka ɓoye don cefane za ta fito. A Yamai ba wanda zai kira sunanka.

Rashin cika alkawari kuwa, ko'ina akwai shi. An sha buga hoton mawaƙi a takarda alhali ba a gama magana da shi ba, ranar wasa a ce mota ta lalace ko an tsare shi a iyaka. Bambancin shi ne girman asarar. In mawaƙin bai zo Maraɗi ba, daren gaba ɗaya ya rushe, amma abin da ka rasa kuɗin shiga ne. In ɗaya bai zo Yamai ba, saura suna nan, sai dai in don shi ka yi tafiyar. Kafin ka biya ko dala, a nan ko a can, ka duba ko mawaƙin da kansa ya fito a bidiyo a shafinsa ya faɗi gari da rana. Hoto a takarda ba shaida ba ne. Ta fuskar sauti da wuta, babban biki ya fi samun kaya masu kyau da injin ko-ta-kwana, wannan ba abin musu ba ne.

Akwai kuma gida. Maraɗi gari ne na malamai, kuma na san Baba ba zai yi murna da jin an tafi Yamai kallon waƙa ba. Kada ka yi masa ƙarya cewa sayayyar yadi za ka je. In za ka tafi ka faɗa masa gaskiya, ka faɗi wurin wanda za ka sauka, ka kiyaye sallarka a hanya da can. In ya hana, magana ta ƙare, biki ba ya ƙarewa a duniya. Ƴan uwanmu da suke ganin kiɗan gaba ɗaya bai halatta ba, ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma ba su wannan amsar take nufi ba.

To kai fa? Na lura da kai a shago. Waƙoƙin Kano kake sakawa don abokan ciniki, amma in ka keɓe, gita da gurumi kake ji, har kana buga almakashi a kan tebur kana bin kiɗan. Saboda haka ni ina ganin ka tafi, amma ba kwana uku ba. Ka nemi jadawalin dare-dare, ka gano daren da aka tara masu kiɗa da hannu, ka sayi tiken wannan daren kaɗai. Ka tashi ana gobe, ka kwana wurin ɗan uwa, ka isa filin tun la'asar don ka ga gwajin kaya ka kuma samu gaba, washegari ka kamo hanya. Kwana uku ke nan maimakon biyar, kuma kuɗin ya ragu sosai. In masu shiryawa sun ƙi fitar da jadawalin har mako guda kafin ranar, ko suka warwatsa makaɗan ɗaya-ɗaya a kowane dare a matsayin masu buɗe fili, ka fasa, ka shiga na gida da zuciya ɗaya.

Ka yanki tiken kar na dawowa tun ranar da ka sauka Yamai, domin bayan biki motocin gabas cika suke. Ka gama ɗinkin da ka karɓa kafin ka tashi, ka bar wa yaron shago lambar wanda za ka sauka wurinsa.