PU da foliyesta ko EPS da efoksi: wanne za ka ce a haɗa maka?

Ɗan'uwa, ka ce allonka na hawan igiyar ruwa ya karye biyu a Busua, can gaɓar tekun Ghana, za ka ba da odar wani, masassaƙin kuma ya tambaye ka soson ciki (PU ko EPS) da rezin ɗin da kake so (foliyesta ko efoksi), wato ruwan da ake shafa wa allon ya daskare ya zama fatarsa. Tambayoyi biyu ne, amma a ɗaure suke da juna.

PU, wato polyurethane, shi ne tsohon hannu. Soso ne mai ɗan nauyi, da siririn katako ya ratsa tsakiyarsa, a lulluɓe shi da yadin faiba a shafe da foliyesta. Shi ya mamaye sana'ar har Disamba 2005, lokacin da kamfanin Clark Foam na Kalifoniya, wanda ke samar da mafi yawan soson alluna a Amurka, ya rufe ba zato ba tsammani. Ƙarancin da ya biyo baya ne ya tura masassaƙa da yawa wajen EPS. Allon PU yana ɗan nutsewa cikin ruwa, don haka ranar da iska ta hargitsa teku ba ya yawan tsalle-tsalle a ƙarƙashin ƙafa. Ya fi araha, gyaransa ma ba wuya. Aibinsa, samansa na saurin lotsawa inda diddige ke taka, kuma foliyesta na tsagewa da ɗan bugu.

EPS kuwa farin soson nan ne mai ƙwaya-ƙwaya irin na cikin kwalin sabon firji, sai dai an fi matse shi. Ba shi da nauyi, yana zama a saman ruwa, yana saurin ɗaukar gudu a kan ƙananan igiyoyi marasa ƙarfi, efoksi kuma ya fi jure bugu. Amma fa yana da sharuɗɗa. Da zarar ya ɓule ka fito, domin ruwa na bi ta tsakanin ƙwayoyin ya shige, busar da shi kuma sai an yi haƙuri. Zafi ma abokin gabarsa ne: iskar da ke cikin soson na kumbura har fatar ta rabu da shi. A rana irin ta gaɓar Ghana, barin sa cikin rufaffiyar mota ko a kan yashi da tsakar rana asara ce.

Ga abin da ba a wasa da shi: foliyesta na narkar da EPS. Ko ɗan facin gyara ne, in mai gyara ya kuskure ya zuba, rami zai buɗe a soson. Efoksi shi kam yana hawa kan kowanne. Shi ya sa akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, wato soson PU da rezin efoksi, ga nutsuwar allon PU, ga fata mai ƙwari, kuɗin ne dai zai ɗan ɗaga.

A ganina, tunda igiyoyin Busua ba su cika girma ba, EPS da efoksi ya fi dacewa da kai, muddin wanda zai riƙa yi maka gyara yana da efoksi a hannu. In ba shi da shi, ka tsaya kan PU.

Kada kuma ka bar zancen yadin faiba, don sau da yawa rashin ƙwarinsa ke karya allo, ba soso ba. Gajeren allo akan sa masa shimfiɗa biyu masu oza 4 (ma'aunin nauyin yadin ke nan) a sama da ɗaya a ƙasa. Tunda naka ya taɓa karyewa, ka ce a sa oza 6 da 4 a sama, ka kuma faɗa masa nauyinka da girman tsohon allon a lita kafin ya fara sassaƙa.