Sharhi: Michelin Pilot Sport 4 a ƙafar tsohuwar BMW 330i, a hanyoyin Bauchi

Motar da ake magana a kai BMW ce 330i samfurin E46, irin waɗanda aka ƙera daga shekarar 2000 zuwa 2005. Injinta mai silinda shida ne, lita 3, ƙarfin doki 231, kuma ƙafafun baya ne ke tura ta. Wannan na ƙarshe shi ya sa zaɓen tayarta ya bambanta da na Corolla ko Golf: duk ƙarfin injin a kan tayoyi biyu na baya yake sauka, in ba su kama kwalta ba, bayan motar ne zai riga gabanta shiga kwana. Tayoyin da na ɗaura mata Michelin Pilot Sport 4 ne, sun ci zafin bazara sun kuma ga damina a tsakanin Bauchi, Jos da Gombe. Hukuncina a taƙaice: taya ce ta ƙwarai, amma ba kowane mai irin wannan mota nake ba shawarar ya saye ta ba, kuma ko wanda ya dace da ita akwai aikin da zai riga yi kafin ya kai kuɗinsa shago.

A fara da lamba, domin a nan aka fi cutar mutane. Mai rim inci 17 na fakitin wasanni, gabanta 225/45 R17 ne, bayanta 245/40 R17, saboda rim ɗin gaba faɗinsa inci 7.5 ne, na baya 8.5. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na wannan faɗi. In ka lissafa, tsayin tayar gaba baki ɗaya kusan milimita 634 ne, ta baya 628. Bambancin kusan kashi 1 cikin ɗari ne kawai, kuma da gangan aka yi haka, don kwamfutar burki da ta hana santsi, wato ABS da DSC, saurin juyawar kowace ƙafa suke aunawa.

To ga inda matsala take shigowa. 245/40 R17 ba lamba ce da ake samu a kowane shago a Bauchi ba, sau da yawa sai an aiko da ita daga Kano ko Legas. Mai shago kuwa ba ya son ka fita hannu rabbana, sai ka ji ya ce, "Alhaji, ga 225/50, ai duk sha bakwai ce, ta ma fi jure rami." Gaskiya ne ta fi jure rami. Amma tsayinta milimita 657 ne. Ka sa ta a gaba ka bar 245/40 a baya, bambanci ya kusa kashi 5 cikin ɗari, fitilar DSC ta fara ƙyaftawa, motar ta riƙa yanke wa kanta mai a inda babu santsi. Ka sa ta ƙafa huɗu, kwamfuta za ta yi shiru, amma tana iya gugar cikin bodi in ka karya sitiyari gaba ɗaya ko ka ɗauki mutum uku a baya, musamman in sifirin ya riga ya kwanta. Masu 320i da 325i suna da mafita mai kyau, su koma rim 16 da 205/55 ko 225/50 R16, tsayi ɗaya da na asali amma gefen ya fi nama. Mai 330i ba shi da wannan gata, faifan burkinsa na gaba milimita 325 ne, yawancin rim 16 ba sa rufe shi.

Bayan lambar girma akwai wasu haruffa da mutane ba sa kallo. A tayoyina an rubuta 94Y XL a gaba, 95Y XL a baya. 94 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 670, 95 kuma 690, XL kuwa ginin da aka ƙarfafa ne don ƙarin nauyi. Harafin shi ne iyakar gudu: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Na san abin da za a ce, wa zai yi gudun 250 a hanyar Alkaleri? Babu, sai wanda ya gaji da duniya. Amma wannan harafi shaida ce ta yadda taya ke jure zafin da take tarawa a cikinta, kuma zafi shi ne babban abokin gabarmu a nan. A watan Maris da Afrilu iska kanta tana kai digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Kada ka sauka ƙasa da W a wannan mota. Ka kuma nemi inda aka rubuta darajar jure zafi a gefen tayar, A ce ta sama, sai B, sai C. A kaɗai nake karɓa.

Yadda take a hanya. Abin da ya fi fitowa fili shi ne burki da ruwa. Ruwan farko na damina shi ya fi haɗari, lokacin da ƙurar rani da baƙin man da manyan motoci suka zubar suka haɗu suka zama santsi, kuma a irin wannan yanayi tayar tana riƙe hanya ba tare da fitilar DSC ta yi ta wasa ba. A gangaren da ake saukowa daga Jos zuwa ɓangaren Toro, inda kwana ke bin kwana, gaban motar yana shiga daidai inda ka nuna masa, ba ka jin wannan ɗan jinkirin da taya mai laushin gefe ke yi kafin ta amsa sitiyari. Burkin gaggawa, irin na akuya ko ɗan acaɓa da ya faɗo ba sallama, motar tana tsayawa a miƙe, ABS ba ya saurin shiga. Ƙararta a kwalta mai laushi kaɗan ce. A kwalta mai tsakuwa a sama za ka ji ta, amma ba ta kai ta hana hira ba.

Inda za ka biya farashi shi ne gefe. Tsayin gefen 245/40 milimita 98 ne kacal, kuma wannan ba laifin kamfani ba ne, haka lambar take ko wace iri ka saya. Rami mai kaifin baki, in ka faɗa shi da gudu, yana matse gefen taya tsakanin rim da bakin kwalta, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga taya ta yi ciki. Tayar da ta yi ciki ba ta da magani. Ba faci, ba tub, ba mayar da ita baya "don ba ita ke da sitiyari ba". A cire ta. Wanda hanyarsa ta kullum ta ƙauye ce, ko yake yawan tafiyar dare a inda ba ya ganin rami sai ya iso shi, kuɗin wannan taya asara ce a gare shi. Gara ya sayi sabuwa mai matsakaicin farashi, mai lambobi daidai, wadda in ta fashe zuciyarsa ba za ta fashe tare da ita ba. Ita roba mai kama hanya kuma ba ta daɗewa kamar mai tauri, na baya su ne ke fara ƙarewa, kuma tunda girman gaba da baya ba ɗaya ba ne, ba za ka iya musanya su ba, sai dai hagu da dama. Wasu suna kauce wa wannan su sa 225/45 ƙafa huɗu. Yana yiwuwa, amma a kan rim 8.5 tayar tana miƙewa har iyakarta, bakin rim ya fito fili yana jiran dutse. In za ka yi haka, nemi rim huɗu masu faɗi ɗaya.

Yanzu aikin da na ce sai an riga an yi. E46 ta shahara da cin bushin ƙafar gaba, wanda ke bayan hannun ƙasa. In ya mutu za ka ji sitiyari yana rawa idan ka taka burki, motar kuma tana bin duk wani layi da ke kan kwalta. Na baya ma, bushin dogon hannun da ke riƙe ƙafa, in ya saki sai bayan motar ya riƙa lilo idan ka ba ta wuta ko ka ɗaga ƙafa. Ga shi dama an ƙera ta ƙafafun baya sun ɗan kwanta ciki ta sama. Haɗa waɗannan, sai ka ga taya daga waje zanenta cike, amma in ka zura hannu ta ciki ka taɓa waya. Mutane da yawa suna zagin taya alhali bushi ne ya cinye ta. Saboda haka a ɗaga mota, a sa ƙarfe a girgiza kowane bushi, a duba boljoyin da tayarod, a duba shokozoba ko tana zubar da mai, a gyara, sannan a sa taya, sannan a yi alaimen na kwamfuta na ƙafa huɗu. Alaimen na igiya da ido ba ya taɓa ƙafar baya, ita kuwa a wannan mota tana da saiti nata.

Ranar ƙira. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka ka sa a juya maka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take faɗa wa direbobi, kamfanonin taya kuma sukan ce a riƙa dubawa duk shekara bayan ta kai biyar, kada ta wuce goma ko yaya zanenta yake. A rana irin tamu na fi karkata ga lissafin hukumar. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke sawa daga waje take zuwa, kuma lamba mai wuyar fita irin 245/40 tana iya shekaru a sito. Sabuwa fil a leda ba ya nufin sabuwar ƙira. Ka kuma shafa wurin lambar da yatsa, in ka ji an kankare ko an liƙa wani abu a kai, ajiye ta.

Tayar Beljiyam fa? Doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma kowa ya san suna nan jibge. Babbar illarsu ga wannan mota ita ce yawancinsu na hunturun Turai ne. Za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. An yi robarsu don sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, a kwaltar Bauchi sai ta yi laushi, burki ya tsawaita, mota ta riƙa iyo a kwana. Ga kuma yadda ake cusa uku ko huɗu cikin juna a kwantena, wanda ke lanƙwasa wayar bakin taya. Sabuwa mai araha ta fi tsohuwa mai babban suna.

Wajen ɗaurawa kada ka bar wurin. A yi da inji, ba da ƙarfe da guduma ba, domin gajeren gefe yana da tauri, ƙarfe kuma yana yaga bakin taya ya kuma ɓata rim. Pilot Sport 4 zanenta na ciki da na waje ba iri ɗaya ba ne, akwai rubutun OUTSIDE a gefe ɗaya, shi zai kalli waje. Na sha ganin an juya irin wannan taya, kuma mai faci zai rantse maka duk ɗaya ne. A sa sabon bawul kowace ƙafa. A yi balansin da dalmar liƙawa, kuma yayin da rim ke juyawa a kan injin ka kalli bakinsa na ciki, nan ne yake lanƙwashewa ba a gani. In sitiyari yana kaɗawa tsakanin 90 da 110 bayan an gama, ko balansin bai yi ba ko rim ya lanƙwashe. Notin ƙafa ƙarfin ɗaurinsa Nm 120 ne, Nm kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti. Yaron da ke zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa yana wuce haka sosai, kuma kai ne za ka sha wuyar kwancewa ranar da ta same ka a daji.

Iska kuwa, sayi gejinka. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke jikin ƙofar direba, gaba daban baya daban, kuma na baya ya fi yawa. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin a yi tafiya. In ka iso Gombe da rana ka ga iska ta ƙaru da fam uku ko huɗu, wato PSI da geji ke nunawa, haka ya kamata, kada ka bari a rage. Wanda ya rage ta da zafi zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska, ita kuwa ƙarancin iska ke sa gefe ya yi ta lanƙwasa yana tara zafi har ya fashe. Yawan iska shi ma yana cinye tsakiyar zane ya rage kamun hanya, kuma a gajeren gefe ido ba ya bambanta fam 22 da 32.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, sayi biyu iri ɗaya, ƙafa biyu na layi ɗaya, kuma a fara da baya. Ƙusa a tsakiyar zane ana iya yi mata faci daga ciki, a gefe ko kafaɗa kuwa ba a yi. Alamar ƙarewa da ke cikin ramin zanen tana kan milimita 1.6, amma da damina ni a 3 nake canzawa, don daga nan korar ruwa take raguwa sosai. A ɗaga kafet ɗin but a dubi safaya ma. A yawancin waɗannan motoci siririya ce, tana son iska fam 60, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma in ka karanta lambar DOT ɗinta za ka iya tarar da ita ce wadda motar ta fito da ita daga Jamus.