Lichess ya nuna min inda dokina ya jawo min bala'i

Gaskiya na daɗe ina buga chess a Lichess, wani shafin intanet na buga chess, amma ban taɓa damuwa da wajen bitar wasa ba sai jiya da wani ya yi min kaca-kaca cikin minti biyar. Ni ke da baƙi, ya buɗe da salon buɗe wasa da ake kira Italiyan, e4 e5, doki f3, doki c6, bishof c4, na fito da dokina f6 ina jin kaina, kawai sai ga dokinsa a g5. Na tura d5 ya cinye, ni kuma da zumuɗi na rama da doki, ashe nan na shiga uku, ya sadaukar da dokinsa a f7, sarauniya ta ba ni cek daga f3, sarkina ya fito e6 tsakiyar fili kamar maraya. Fried Liver ake ce wa wannan harin wai.

Da na danna bita, Stockfish, injin da ke nazarin wasa, ya nuna min da doki a5 na buga in tsokani bishof ɗinsa da ban sha wannan wahalar ba, kuma akwai wajen duba buɗe wasa da za ka ga abin da manyan 'yan wasa suka buga a daidai gurin. Duk kyauta fa, ba talla ko ɗaya, wani Bafaranshe Thibault Duplessis ne ya kafa Lichess a 2010. Sai dai injin lambobi yake ba ka, dalilin kai za ka zauna ka gano. Daren jiya sau shida na maimaita layin nan.