Kayan gwada kutsen haske a sifektirofotomita: wanne ya dace da ɗakin gwajinka?

Duk na'urar sifektirofotomita, wato mai auna yawan hasken da samfuri ke shanyewa, tana da ɗan haske da ke kutsawa zuwa ma'auninta daga zangon da ba shi aka zaɓa ba (zango shi ne tsawon igiyar haske, ana auna shi da nanomita). Ƙura a kan madubai, tsufan fitila, ko murfin da ba ya rufuwa sosai duk suna ƙara shi, kuma mu da ƙurar hunturu ke shigar mana ta ko'ina dole mu fi kowa kula. Illarsa kuwa a ɓoye take: idan kutsen ya kai kashi 1 cikin 100, samfurin da ainihin shanyewar haskensa 2.0 ce zai nuna kusan 1.70, na'urar kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ka haɗa ruwan gwajin da kanka, wato ruwan da ke tare hasken zangon da aka zaɓa, ta yadda hasken da na'urar ta gani na kutse ne. Giram 12 na sinadarin KCl (potassium chloride) a lita ɗaya ta ruwa ya kamata ya ba da shanyewar da ba ta gaza 2.0 ba a nanomita 198, bisa ƙa'idar kundin magunguna na Turai. Giram 10 na NaI (sodium iodide) ana gwada shi a 220, giram 50 na NaNO2 (sodium nitrite) kuma a 340 da 370. Sai dai komai ya rataya ne a kan tsabtar ruwanka da daidaiton sikelinka, kuma sai da 'yar kwalbar zuba samfuri ta kwaz (quartz), domin ta gilashi tana tare hasken ultrabayolet. Gwajin 198 ɗin ma mai wuyar sha'ani ne, don a nan ƙarfin fitilar ya riga ya ragu.

Ɗaya hanyar ita ce sayen kwalaben da aka cika aka liƙe tun daga kamfani, irin na Starna ko Hellma, tare da takardar shaida. Suna da tsada, kuma lokaci-lokaci sai an mayar da su an sabunta shaidar. Ga ɗakin da masu sa ido ke bincikawa, kamar na kamfanin magani, ni dai ban ga abin da zai maye gurbinsu ba.

Kada ka bari dillali ya ɗora maka cikakken akwati. Duba zangon da kake aiki a kai: mai auna sinadarin jini a 340 kwalbar NaNO2 ta wadatar da shi, mai aiki ƙasa da 230 kuwa yana bukatar KCl da NaI, da kwalbar ruwa zalla ta kwatance.