Kayan aikin Lisp: wanne ya kamata ka ɗora a kwamfutarka?

Wani ƙanena da ke koyon rubuta manhaja a Yaba ya tare ni ran Juma'a bayan masallaci a Agege, ya ce, "Yaya, ina son shiga Lisp, wanne zan ɗora?" Lisp wani yaren rubuta manhaja ne. Na ba shi amsa a tsaitsaye, ga cikakkiyar a nan.

Ni ma'aunina ɗaya ne: in shiri, wato manhajar da ka rubuta, ya ci karo da kuskure yana tsakiyar aiki, me ke biyo baya? Akwai dalili. Shekarun baya na rubuta wa wani dillalin kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas ɗan shirin lissafin buhunan albasa da bashin 'yan sari. Wani dare babu wuta, janareta na shan mai, shirin ya kusa gama tace lissafin wata uku sai ya tarar da layin da ba a sa farashi ba. Nan take ya mutu. Na koma farko, har sau uku kafin asuba.

Shi ya sa na tsaya kan SBCL, mai harhaɗa shirin Lisp ya gudanar da shi, haɗe da SLIME, wanda ke sada shi da Emacs, manhajar da ake rubuta shirin a cikinta. SBCL ya ɓalle ne daga CMUCL, wani tsohon mai harhaɗa Lisp, a 1999 a hannun William Newman, kyauta ne, kusan kowane wata ana fitar da sabo, kuma yana yi maka ƙorafi tun wajen harhaɗawa in ka ba aiki (function) lamba inda yake jiran rubutu. SLIME kuwa tun 2003 yake, Luke Gorrie da Helmut Eller na cikin waɗanda suka gina shi. Yana magana da Lisp ɗin da ke gudana ta wata ƙofa da ake kira Swank. In kuskure ya faru, shirin ba ya mutuwa, tsayawa yake cak, taga ta buɗe da jerin hanyoyin ci gaba da jerin ayyukan da suka kira juna har aka iso wurin. Ka danna v ya kai ka ainihin layin. Ka danna e ka leƙa abin da ke cikin kowace ma'ajiyar ƙima (variable) a daidai wannan lokacin. Ka gyara aikin, ka buga C-c C-c, ka danna r, ya sake ɗauka daga nan. Da ina da wannan a daren albasa, da minti biyar ya ishe ni.

Sai dai ka ɗaga matakin debug, wato yawan bayanin da ake ajiye maka don gano kuskure, zuwa 3. In ka bar shi ƙasa, SBCL kan haɗiye wasu kiraye-kirayen don sauri, ka buɗe taga ka tarar rabin abin da kake nema ya ɓace. SLY na João Távora reshen SLIME ne, yana da alamomin da kake maƙala wa wani sashen shirin su riƙa ajiye maka ƙimar da ya bayar, shi ma ba laifi. Emacs dai zai wahalar da yatsunka kamar sati biyu, ka daure.

Sauran fa? LispWorks kaya ne mai kyau, amma da dala ake saye, kuma na kyautar yana rufe kansa bayan awa biyar. Allegro na manyan kamfanoni ne. CLISP tun 2.49 na 2010 ba a sake fitar da cikakken sabo ba. Alive na VS Code, wata manhajar rubuta shiri kamar Emacs, yana tasowa, bai kai ba tukuna. DrRacket ya dace da ɗalibi, amma na Racket ne, wani reshen Lisp daban.

To ga inda nake son ka buɗe kunne. A Ikeja wani mai shago ya taɓa ɗora wa abokina "cikakken" LispWorks daga filashi, wai an cire masa kulle. Kwana biyu kwamfutar ta fara zafi kamar dutsen guga, fanka na kuka ko ba a komai, ƙarshe sai da aka goge ta gaba ɗaya, aikin wata guda ya tafi. Duk wanda ya ce zai sayar maka da SBCL ko Emacs, ɓarawo ne, kyauta suke. Haka masu tallan "kwas ɗin Lisp cikin kwana uku" a WhatsApp, bidiyon wasu suke kwafowa. Quicklisp na Zach Beane, wanda ake sauke shiryayyun guntayen manhaja (libraries) da shi, ka ɗauko daga shafinsa na asali ka duba sa-hannunsa na dijital, wanda ke tabbatar da ba a taɓa shi ba, kafin ka ɗora. Kuma Swank, ƙofarsa ta 4005, kada ka kuskura ka buɗe ta ga waje a intanet ɗin da ake rabawa a wurin aiki. Wanda ya shiga ta nan zai iya gudanar da duk abin da ya ga dama a kwamfutarka. In dole ne daga nesa, ka bi ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa mai tsaro.

Ƙanen nawa ya ɗora SBCL ranar Asabar. Jiya ya kira ni da dare yana tambayar yadda ake fita daga Emacs.