PostgreSQL ko SQL Server, wanne za ka ɗora rumbun bayanai a kai?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kuna da bayanan ciniki na shekara 6, wajen GB 300 a MySQL, oga yana so a ware rumbun bayanai daban don rahoto, kai kuma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin PostgreSQL da SQL Server, manhajojin databes guda biyu. Duka biyun na yi aiki da su, bari in faɗa maka abin da na gani.

Warewar da za ku yi dai daidai ne. Na taɓa zama a wani wuri da ake jan rahoton ƙarshen wata kai tsaye daga databes ɗin da masu karɓar kuɗi ke aiki a kai, wallahi da rana tsaka akawu zai danna rahoto sai layin kwastomomi ya tsaya cak, yarinyar da ke kan kanta tana kallon allo yana ta juyawa mutane na ta tsaki.

Babban bambancinsu shi ne yadda suke ajiye bayanai a faifai. PostgreSQL layi-layi yake ajiyewa, wato in teburinka na da ginshiƙi 40 kai kuma jimillar kuɗi kawai kake so, to sai ya ɗauko layin gaba ɗaya da sauran 39 ɗin da ba ruwanka da su. SQL Server kuwa tun 2012 yake da columnstore, yana jera bayanai ginshiƙi-ginshiƙi ya matse su, sai ya karanta iya wanda ka tambaya, kuma daga sigar 2016 SP1 har Standard, nau'insa mai rangwamen kuɗi, ma ya samu. A nan gaskiya SQL Server ya sha gaba, ba na musu.

Amma fa PostgreSQL bai naɗe hannu ba. Daga sigar 9.6 yana iya raba kuwari ɗaya, wato tambayar da ka tura wa databes, ga firosesa da yawa, a 10 da ta fito 2017 aka sauƙaƙa yanka tebur gida-gida, ga kuma BRIN, wani ɗan ƙaramin indes, wato jagorar gano layuka da sauri, da ke matuƙar amfani in bayananka na shigowa bi da bi bisa kwanan wata, irin na ciniki kenan. Ka yanka teburin ciniki wata-wata, in an tambayi Maris ba zai ko leƙa sauran watanni ba. GB 300 da wannan tsarin ba abin tsoro ba ne. Sai dai ka kula da autovacuum, wato mai share layukan da aka goge da kansa, in kana yawan goge layuka kana sake lodawa teburin zai yi ta kumbura, gara ka jefar da yankin watan gaba ɗaya ka sake loda shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci a wajenmu. PostgreSQL kyauta ne, saba kawai za ka saya. SQL Server kuwa lasisi ake biya, in bisa yawan koa na firosesa ne mafi ƙaranci 4, kuma da dala ake lissafin, ka san yadda naira take. Nau'insa na Express kyauta ne amma a sigar 2022 databes ɗaya ba ya wuce GB 10, Developer kuma don gwaji ne kawai, ba a yarda a yi aikin kamfani da shi ba, kar wani ya ruɗe ka.

Wajen kwaso bayanai SQL Server na da SSIS, manhajarsa ta kwaso bayanai da lodawa, in mutanenku sun saba da kayan Microsoft za su ji daɗinsa sosai. PostgreSQL kuma akwai mysql_fdw, da shi za ka ga teburan MySQL ɗinku kamar suna cikin gida, ka kwaso da SQL zalla. Power BI, manhajar Microsoft ta tsara rahoto, duka biyun yana haɗuwa da su.

Ni dai in ni ne kai PostgreSQL zan ɗauka, sai dai in kun riga kun biya lasisin SQL Server ko kuna da wanda ya ƙware a kansa. In kuma bayanan suka girma suka kai tarabait masu yawa, akwai Amazon Redshift, rumbun bayanai na kamfanin Amazon, wanda daga PostgreSQL 8.0.2 ya samo asali, yawancin SQL ɗinka ba zai zama baƙo a can ba.

Kafin ka je wajen oga, loda cinikin shekara ɗaya a kowanne, ka gwada rahotanni 5 da suka fi ba ku wahala, ka rubuta sakan nawa kowanne ya ci. Ka turo mana sakamakon tare da RAM ɗin sabar taku mu duba tare.