Agogon GPS a turba mai kwana-kwana: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wata Lahadi da sanyin safiya muka bi turbar da ke ratsa garake a bakin Gulbin Maradi, ni da ƙanena, kowa da agogonsa a hannu. Tare muka tashi, tare muka dawo, amma da muka zauna shan shayi sai nasa ya nuna tafiyar ba ta kai abin da nawa ya rubuta ba. Ya ce, "Yaya, naka ne ke ƙari." Muka buɗe taswirar a waya. Layinsa ya miƙe sak kamar an ja igiya, ya bi ta tsakiyar garkar tumatirin wani bawan Allah, har ya tsallake rijiya. Mu kuwa kewayawa muka yi. Agogon lafiyarsa ƙalau, ya ma fi nawa tsada. Saitin tattalin batir ne ya bari a kunne tun wata ranar da aka ɗauke wuta.

Agogo ba ya auna hanya yadda tela ke auna yadi. Ɗigo yake ajiyewa: ya saurari taurarin ɗan adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, aƙalla guda 4, ya gane inda kake, ya ɗiga, sannan ya haɗa ɗigo da ɗigo da miƙaƙƙen layi. A kan kwalta, misali hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, wannan ba ya cutarwa, domin hanyar kanta a miƙe take. A burtali ko turbar garka kuwa, duk kwanar da ta faɗa tsakanin ɗigo biyu ta tafi ke nan. Ka ɗauki kwana mai siffar rabin da'ira da faɗinta mita 20: ƙafarka ta taka mita 31, agogon da ya yi ratse zai rubuta 20. Mai tafiyar kilomita 5 a awa yana cin mita 83 a minti ɗaya, to idan saitin tattali ya sa agogo na ɗiga sau ɗaya kawai a minti, kwana nawa ke cikin mita 83 a bakin gulbi? Shi ya sa tambayar farko ga mai saye ita ce ko agogon na karɓar sigina kowane sakan, da kuma awa nawa batir ke ɗauka a hakan. Kamfanin agogo na Garmin na kiran saitin tattalin nan, mai rage yawan ɗigo, UltraTrac, kamfanin Coros kuma UltraMax. Suna da amfani a tafiyar kwanaki, amma da kwanoninka ake biyan kuɗin.

Akwai kuma kuskuren ƙari. Idan kana tafiya a hankali, ko ka tsaya gaisawa (kuma wa zai wuce manoma a garka bai tsaya ba?), ɗigon na ta rawa a kewayenka, mita biyu nan, uku can, agogo kuma na tarawa. Ƙarƙashin mangwaro mai duhu abin ya fi muni, saboda ganye na rage ƙarfin sigina, wani kuma sai ya bugi gini ko itace kafin ya iso.

Masu arha da suka cika teburan kasuwa, masu kyallin fuska da hoton zuciya na bugawa, da yawansu ba su da GPS ko kaɗan. Taku suke ƙirgawa su ninka da tsawon da suka ƙiyasta, ko su ari GPS na wayarka. A rairayi, inda taku ke gajarta, lissafin ya rushe. Idan mai shago ya ce, "Alhaji, wallahi akwai GPS," kada a yi gardama, ka kashe wayarka, ku fita waje tare ka ga ko zai kama da kansa. GPS na gaske ba ya buƙatar layi ko intanet.

Na tsakiya su ne masu karɓar sigina a zangon rediyo ɗaya, wanda ake kira L1, amma daga tsare-tsare da dama: GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Turai, wasu har da BeiDou na Sin. Garmin Forerunner 55 na 2021 da Instinct 2 na 2022 suna cikin wannan sahu. A fili, inda sama ke buɗe, kuskurensu ƴan mitoci ne. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba kwazazzabai masu zurfi, ba dogayen benaye, gawo ma a damina yake zubar da ganye. Ga mai yawo a gonakin Tibiri ko gefen tafkin Madarunfa, a ganina nan ya kamata kuɗi su tsaya.

Na sama su ne masu zango biyu, L1 da L5. Coros Vertix 2 ya zo da wannan a 2021, sai Garmin Forerunner 255 da Apple Watch Ultra da Amazfit T-Rex 2 a 2022, sannan Coros Pace 3 a 2023. Siginar L5 ta fi iya bambance wadda ta zo kai tsaye da wadda ta yi tsalle a jikin wani abu, kuma haɗa zangon biyu na rage jinkirin da sararin samaniya ke jawowa. Layinsu a ƙarƙashin itatuwa ya fi tsabta, wannan ba musu. Sai dai sun fi shan batir, kuma idan tsoron mutuwar batir ya sa ka koma saitin tattali, ka zama ƙanena. Wanda yawancin tafiyarsa a inuwar garake take, ko yake shirin duwatsun Ayar can arewa, shi ne zai ci ribar ƙarin kuɗin.

Ma'aunin hawa da sauka da ake tallatawa kada ya ja ka. Gangare mai tashin mita 10 cikin 100 rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai yake ƙara wa nisa, mu kuma ko irinsa da wuya mu samu.

Kafin ka biya, musamman idan na hannu ne, ka roƙi aron sa na yini ɗaya. Ka tsaya a fili har ya kama sosai kafin ka danna farawa, ka ɗaura shi a wuyan hannu ba cikin aljihu ba. Ka bi turba mafi kwana da ka sani, ka ajiye tafiyar a agogon, ka dawo ta wannan turbar a matsayin tafiya ta biyu. Sai ka ɗora layukan biyu a taswira ka duba ko sun hau juna, kuma ko sun kewaye rijiyar da ka kewaye.